Bauna Tana Kan Tebur

Asabar, 5 ga Yuli, bayan la'asar

Na dawo gida daga asibiti in yi wanka in ɗauki kaya. A bayan littafin awon ɗinkina nake wannan rubutun, shi na tarar a kan keke. Wata nas ce ta ce in dinga yi wa wani magana. Na duba ban ga wanda zan yi wa ba.

Ina ɗaura ɗankwali aka yi sallama. Fa'izu ne, abokin Abban Najwa mai shagon sola a bakin kasuwa, rungume da kwali. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Maman Najwa, ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Kayan Bauna ne suka iso. Tun watan jiya ya yi odarsu, yau aka kira ni daga tasha." Ya gyara riƙon kwalin. "Ko in mayar shago in ajiye?"

Na ce ya kawo.

Bauna motar wasa ce, in har za a kira abin da ya kusa ɗan rago nauyi wasa. Tayoyinta kowacce ta kai faɗin farantin tuwo, batir take ci, da rimot ake tuƙa ta. Shekara biyu yana harhaɗa ta, yau ya sayo wannan, gobe ya sauya wancan. Najwa ce ta raɗa mata suna. Tana kan teburin ƙaramin ɗaki yadda ya bar ta ranar Litinin, cikinta a buɗe, tayoyin baya a ƙasa, sukudireba a gicciye a kanta.

Na tura kwalin ƙarƙashin tebur. Kofin shayin ranar Talata yana falo inda ya faɗi. Na tsallake shi na fita.

Lahadi, 6 ga Yuli, hantsi

An yi ruwa. Da sauƙi, haka nake ce wa kowa.

Talata, 8 ga Yuli, bayan magariba

Ba a barin mace ta kwana a ɗakin maza na asibiti, don haka Yaya Yahuza, wan Abban Najwa, shi ke kwana da shi. Ni in zo da safe da kunu, in tafi in an kira magariba. Najwa tana Kafin Hausa wurin Mama. Baba Malam, mahaifinsu, ya zo daga Garki ranar Alhamis, ya daɗe yana yi masa addu'a, ya koma saboda makaranta da gona.

Yau likita ya kira mu ya faɗi sunan abin, da Turanci sannan da Hausa. Ba zan rubuta shi ba. Ya ɗaga hannun daman Abban Najwa ya saki, ya faɗo kan katifa kamar jiƙaƙƙiyar riga. Ya ce ƙafar za ta riga hannun dawowa. Magana kuma sai a hankali.

Kalma ɗaya ta rage a bakinsa, "bari". In yana son ruwa, bari. In an gaishe shi, bari. Na gyara masa filo ya dube ni ya ce bari, na janye hannuna, sai ya runtse ido yana girgiza kai. Na tsaya da filon a hannu.

A baranda Yaya Yahuza ya ce, "Umaima, in an sallami Abdulrauf Garki za mu wuce da shi. Can akwai mutane, akwai addu'a, akwai masu ɗaga shi. Ke kaɗai ba za ki iya ba."

Na ce to.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan magariba

Ba wuta. Na kunna fitilar sola na shiga ƙaramin ɗaki, don nan ne kawai ba ƙamshin turarensa, sai warin giris.

Na buɗe kwalin. Giyoyi na ƙarfe a leda, da za su maye gurbin na roba da yake cewa suna cinyewa. Shokozoba huɗu, jajaye, suna sheƙi. Sabon inji kamar gwangwanin madara amma da nauyi. Kwalbar mai. Wata 'yar fanka da ba ta kai tafin hannun Najwa ba.

Notoci da kusoshi duk sun warwatse a kan tebur. Na ɗauko kiret ɗin ƙwai na ware su, dogaye a rami ɗaya, gajeru a wani. Da na gama na juye su na sake warewa.

Alhamis, 10 ga Yuli, azahar

Na san a wayarsa yake kallon yadda ake haɗa kayan, ya sha nuna min ina aikin gabana. Wayar ba ta buɗuwa sai da yatsansa.

Da Yaya ya fita salla na ɗaga hannun daman. Da ɗumi, da nauyi. Na ɗora babban yatsan a kan wayar, ta buɗe nan take. Ita ta gane shi.

Yana kallona. Bai ce bari ba. Na mayar da hannun inda yake, na ja masa bargo. Na tura bidiyon zuwa wayata.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan isha'i

Na mayar wa mutane ɗinkinsu. Har leshin amaryar nan da na riga na yanka. Uwar ta ce ba komai, Allah Ya ba shi lafiya, fuskarta kuwa ta ce da komai.

Bidiyon wani Bature ne mai gemu, ba a ganin komai sai gemun da hannayensa. Ba duk Turancinsa nake ji ba, hannayen nake bi. In tsayar, in yi, in mayar baya. Na kwance akwatin giyar baya. Haƙoran na robar sun side kamar na tsohuwa. Na wanke cikin da kananzir, na goge da ƙyallen atamfa, na sa na ƙarfen, na cika giris. Ba ta fi keken ɗinki wuya ba, ta dai fi shi yawan kusoshi.

Da na ɗaga kai an yi isha'i ban ji kira ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, safe

Na yi akwatin gaba. Wani noti ya faɗi ya gangara, na neme shi har na gaji.

Talata, 15 ga Yuli, la'asar

An sallame shi.

Likita ya ce sau uku a mako za a dinga kawo shi gashi, wato motsa gaɓoɓi, kada a yi fashi, watannin farko su ne komai. A gaban Yaya ya faɗa. Yaya ya shafa gemu ya ce to, a bar shi a Dutse zuwa ƙarshen wata, Baba Malam zai zo da kansa ya ga abin da ya dace.

Yaya da mai adaidaita suka shigo da shi. A ƙofar falo ya tsaya yana kallon gidan kamar an kawo shi baƙunta. Na riga na ɗauke kofin. Ƙofar ƙaramin ɗaki a buɗe take, ana hango taya ɗaya. Ya juya kansa wancan gefen har aka wuce da shi.

Ya kwanta fuskarsa na kallon bango. Na yi masa faten wake, ya ci kaɗan, rabin yana zubowa ta gefen baki. Na goge. Ya ce bari. Na goge.

Laraba, 16 ga Yuli, hantsi

Gashi. Mai gashin ya ce masa "ɗaga, Malam, ɗaga." Ƙafar ta ɗan motsa. Hannun yana nan.

Masu dubiya sun cika falo jiya da yamma. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce irin wannan ba na asibiti ba ne, in bincika wurin aikinsa. Na ce to. Na kawo mata ruwa.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan azahar

Yana barci, ko yana rufe da ido. Na yi shokozoba.

Ana zuba man ne har ya kusa cika, a tura sandar sama da ƙasa a hankali, sannan a ajiye a tsaye a jira kumfa ta gama tasowa. Mai gemu ya ce kada a yi gaggawa. Na zauna ina kallon ƙananan kumfa suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Jira dai na iya shi.

Da na rufe ta farko na matsa ta a hannu, ta lotsa ta dawo a hankali, ba ƙara. Ta yi kyau. Ban san lokacin da na tashi na kai masa ba.

"Abban Najwa, duba."

Ya juyo. Ya dubi abin, ya dubi hannuna da ya yi baƙi. Sai ya kai hannun hagu ya make ta. Ta bugi bango, murfin ya fita, mai ya yi layi har ƙasa.

"Bari!"

Wannan karon ina jin abin da yake nufi ke nan.

Na ɗauko tsumma na goge bangon. Bai fita duka ba. Na koma na sake cika ta.

Asabar, 19 ga Yuli, la'asar

Yaya Yahuza ya zo ba sanarwa, da buhun gero da galan ɗin rubutu daga Baba Malam. Ni na buɗe masa ƙofa, sifana a hannuna. Ya bi ni da kallo har ƙaramin ɗaki, ya leƙa.

"Mene ne wannan?"

"Motarsa ce, Yaya."

"Na san motarsa ce. Ke me kike yi da ita?"

Na ɓoye sifanar a bayana.

"Mijinki yana kwance ba ya iya cewa a ba shi ruwa, ke kina nan kina wasan yara? Shi ma da yake da lafiya mun yi magana mun gaji. Magidanci da 'ya, ɗan malamai, yana bin mota a fili kamar yaron goye." Ya sassauta murya. "Ba faɗa nake miki ba, Umaima. Na ga kin gaji ne. Kanki ya ɗauki zafi."

Ban ji haushinsa ba. Kwana goma sha yana kwana a kan tabarma a asibiti, shi ke kai shi banɗaki. Na ce, "Yaya, gashin fa? A Garki wa zai yi masa?"

"Akwai mai yi na gargajiya. Allah ke warkarwa."

Ya ce ranar Lahadi ta sama za su zo da Baba Malam, in haɗa kaya.

A Garki ɗakin soro za a sa shi, inda maza ke shiga da fita. Ni ina cikin gida da matan Yaya. In zan gan shi sai an ce ba kowa.

Na ce to.

Lahadi, 20 ga Yuli, safe

An yi ruwa. Na ɗaura shokozoba huɗun.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan magariba

Mama ta kira ta ba Najwa.

"Ummi, Abba ya warke?"

"Da sauƙi."

"Ba shi in gaishe shi."

Na kara masa wayar a kunne. Ina jin muryarta tana ba shi labarin wata akuyar Mama da ta haifi uku. Bakinsa yana motsi. Ya damƙe zanin gado da hannun hagu, ya ƙi barin kalmar ta fito. Har ta gama bai yi ko tari ba.

"Ummi, ba ya ji na ne?"

"Yana ji. Layin ne ba kyau."

Na kashe. Na je na wanke kwanuka, har da waɗanda na riga na wanke.

Talata, 22 ga Yuli, bayan la'asar

Wayoyin sabon injin sai an liƙa su da darma, wannan ban iya ba. Na kira Fa'izu. Ya zo da kayan aikinsa ya zauna a baranda, na ciccibo masa Bauna.

Ya juya ta, ya matsa ta ƙasa ta dawo. "Wa ya yi wannan?"

"Ni."

Bai ƙara tambaya ba. Ya liƙa wayoyin, ya ɗaura fankar a kan injin, ya nuna min yadda ake cajin batir a ƙasan siminti, nesa da labule, kuma kada in bar shi in tafi. Ya ce duk Asabar da yamma suna haɗuwa a filin gindin duwatsu, su biyar ne a duk Dutse masu irin wannan haukan, amma tun da abin ya faru ba wanda ya fito.

Na ce ya shiga ya gaishe shi. Ya shiga. Bai daɗe ba ya fito ya tsaya a bayan ƙofa, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Ƙato da shi. Na tsaya ina kallonsa kamar mai kallon ruwan sama. Da ya gama na miƙa masa jakarsa.

Laraba, 23 ga Yuli, hantsi

Gashi. Ya taka daga gado zuwa ƙofa da sanda, mai gashin yana riƙe da ƙugunsa. Kowa ya ce Alhamdulillahi. Ni ma na ce.

Na fara haɗa kaya.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Mai gashin ya ce a dinga fito da shi yana shan iska, don haka na zaunar da shi a kujera a baranda. Yana kallon bishiyar gwaiba.

Na ɗaura tayoyi, na sa batir, na rufe bodi. Ba sauran komai a kiret ɗin ƙwai sai washa biyu, 'yan zobban ƙarfe, da ban san gurbinsu ba. Na ce bari in gwada ta sau ɗaya kafin in lulluɓe ta. Ban yi don ya gani ba. Ko na yi. Ban sani ba.

Na ajiye ta a tsakar gida, ƙasar a jiƙe. Na kunna, ta yi ɗan kuka sau uku. Na ja totur.

Ta yi gurnani, ta girgiza, ta watso min laka har fuska, ba ta gusa ko taku ɗaya ba. Na ƙara ja. Ta fara haƙa rami a inda take. Na duba da kyau, sai na ga tayoyin gaba suna juyawa gaba, na baya suna juyawa baya. Tana jan kanta gida biyu.

Sai na ji wani sauti a bayana. Na zaci shaƙewa ya yi, na yar da rimot na juyo da gudu.

Dariya yake. Da rabin baki, miyau yana zuba, hawaye a ido ɗaya. Yana nuna motar da hannun hagu, yana nuna ni, yana dukan cinyarsa. "Bari," in ji shi, "bari, bari." Ya kasa tsayawa.

Na tsaya da laka a fuska. Da ya lafa ya yafito ni. Ya nuna tayoyin baya. Ya buɗe tafin hannunsa, ya kife shi. Ya sake buɗewa, ya kife.

"In kife motar?"

Ya girgiza kai, ya ja tsaki. Tsakin ya fito daidai, irin na da.

"Giyar? A juye na sa ta?"

Ya nuna ni da yatsa, ya gyaɗa kai.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan azahar

Na jawo teburin zuwa baranda. Ni ke kwancewa, shi yana zaune yana tsaro. In na ɗauki sukudireban da ba shi ba sai ya buga sanda a ƙasa. In na ɗaure noti da yawa, sanda. Na fito da dunƙulen giyar na juya haƙoranta suka kalli ɗaya gefen, ya miƙo hannu ya karɓa, ya jujjuya ta da yatsu kusa da kunnensa, ya miƙo min. Ya nuna giris. Na ƙara. Ya sake nunawa. Na ƙara.

Washa ɗin nan biyu da suka rage, ashe a nan suke. Ya harare ni kamar na bar yaro a kasuwa.

Ya gaji kafin la'asar, na mayar da shi ɗaki. Ya kwanta rigingine, bai juya bango ba.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan magariba

Tayoyi huɗu suna tafiya gefe ɗaya. Jakunkuna uku suna bakin ƙofa.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan isha'i

Sun iso da hantsi a motar Yaya, an kwantar da kujerar baya an shimfiɗa katifa. Na durƙusa na gaishe da Baba Malam, na kawo ruwa na koma kicin. Ta taga ina hango su a baranda. Ya riƙe kan ɗansa yana karatu yana tofawa, ya daɗe. Sannan ya zauna a tabarma yana jan carbi.

"Umaimatu."

Na fito na durƙusa daga nesa.

"An ce min kina haɗa wata mota."

Na sunkuyar da kai. "Tasa ce, Baba."

"Ɗauko mu gani."

Yaya ya ce, "Baba, rana tana yi."

"Ta yi."

Na ciccibo ta na ajiye a tsakar gida na kunna. Ban san wa zan ba rimot ba, sai Abban Najwa ya miƙo hannu. Rimot ɗin kamar bindiga yake, hannun hagu ke riƙewa ya ja totur da yatsa, ɗan sitiyarin kuma yana gefe, hannun dama ke murza shi. Sai da ya riƙe na tuna da haka. Ina jin shi ma sai a lokacin.

Ya ja. Bauna ta ɗaga gaba ta zabura, ta miƙe ɗoɗar ta daki randar da ke gindin gwaiba. Randar ta dare biyu, ruwa ya malalo ya tafi da takalmin Yaya ɗaya.

Abban Najwa yana kallon hannun damansa a kan cinya. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya daka wa hannun tsawa, "Bari!" har kajin maƙwabta suka amsa. Yana huci. Sai ya juyo gare ni, ya turo rimot ɗin wajena bai saki ba, ya nuna sitiyarin da haɓa.

A gaban mahaifinsa. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa zama kusa da shi a gaban Baba Malam ba. Na dubi ƙasa. Ya buga ƙafar hagu.

Na matsa na durƙusa a gefen kujerarsa, na kama sitiyarin da yatsu biyu. Ya yi ribas. Na murza ba daidai ba, ta shiga cikin fasasshiyar randa. Tsaki. Na murza ɗaya gefen. Ta fito, ta zagaya gwaiba, ta taka tudun yashin da ya rage na gini ta sauko, shokozoban suka lotsa suka dawo. Muka sake zagayawa. Yana ja da yawa, ina juyawa a makare. Sau biyu muka daki bango.

Baba Malam ya daina jan carbi. Ba motar yake kallo ba.

Da batir ya yi sanyi ya ce, "Yahuza, sauko da katifar nan."

"Baba?"

"Da na je asibiti na duba idonsa, ban samu kowa a ciki ba. Na koma gida ban gaya wa uwarku ba. Yau na ga ya yi fushi, na ga ya ba da umarni." Ya gyara zama. "Ba zan ɗauke shi ba. Ka ce yarinyar nan ba za ta iya ita kaɗai ba, gaskiya ka faɗa. Ni zan zauna. Ka koma ka riƙe min makaranta, ka aiko min da kayana da Alƙur'anina babba."

"Baba, gona fa? Ga ƙafarka."

"Gonar ta san hanya. Sauko da katifar."

Ya juyo gare ni. "Akwai inda tsoho zai kwanta?"

Na ce akwai ƙaramin ɗaki, sai dai warin giris.

Ya ce ya kwana a inda ya fi haka.

Yaya ya tsamo takalminsa ya tafi bayan azahar. A ƙofa ya ce in kira shi ko me ake ciki, ko da tsakar rana ko da asuba. Na ce to. Wannan "to" ɗin daban ne, ban san ko ya ji ba.

Laraba, 30 ga Yuli, hantsi

Baba Malam ya raka mu gashi, ya zauna gaba kusa da mai adaidaita. Da asuba yana karanta masa Fatiha a hankali, aya aya, yana jira. Ba abin da ya fito tukuna. Yana jira.

Na kwance jakunkunan.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan magariba

Fa'izu ya zo da motar shago ya kai mu filin gindin duwatsu. Baba Malam ya ce mu je, shi zai tsare gida. Sauran abokan sun zo, sun gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya fito da tasa motar. Aka kafa masa kujerar roba a kan tudu, na tsaya a gefensa.

Filin duk ciyawa da taɓo. Ya ja, na murza. A fili ta fi sauƙi, ba bangon da za a daka. Ta keta kududdufi ta fito baƙa ƙirin. Ya nuna wani tudun jar ƙasa can nesa, na saita ta, ya matse totur har ƙarshe. Ta hau ba ta ko yi nishi ba, ta tashi sama, ta juya a iska, ta faɗo a kife, tayoyi suna ta juyawa.

Fa'izu ya yunƙura, na riga shi. Na tattare hijabi na bi ta cikin taɓon, takalmina yana maƙalewa. Na isa na kama ta na birkice ta ta tsaya kan ƙafafunta. Ba abin da ya karye.

Sai na juyo.

Tun ranar Talatar nan ban gan shi daga nesa ba. Kullum a kusa, bakinsa, hannunsa, cokali, tsumma. Yanzu ga shi can a kan tudu, wani siririn mutum a farar kujera, rigar ta yi masa yawa, kafaɗa ɗaya ta zube, hula a karkace. Mijina ne. Haka ya koma.

Abin ya taso min daga ciki ba sallama. Na tsaya a tsakiyar fili, laka har idon sawu, ina kuka da baki buɗe kamar yarinya, maza biyar suna kallo. Na kasa rufe bakin. Na kasa tafiya.

Shi kuwa ya ɗaga rimot ɗin sama yana kaɗa min shi gefe. Ya sake kaɗawa, da ƙarfi. Na tsaya masa a hanya ne.

Na matsa.

Ya ja. Ta wuce ta gabana ta watsa min taɓo, ta miƙe ba mai juya ta, ta nufi gonar geron mutane. Fa'izu ya cire takalmi ya bi ta a guje yana ihu, "Abdul, birki! Birki!"

Bai taka ba.